Wanda ya ci iyakar gona, ɗansa ya ci wa bashi

Duk shekara, da ruwan shuka ya sauka, kiran da ya fi yawa a shirinmu na rediyo ɗaya ne: an ci mini iyaka. Daga Tasawa har Mayahi labarin bai sakewa. An tuge gambar da ta raba gonaki biyu, an matsa da taki uku. An nome burtali. An karɓe gamanar matar da mijinta ya rasu tun ba ta gama takaba ba.

Kwanan baya wani dattijo Kirista ya kira ya ce mini: «Ɗana, je ka karanta labarin Nabot.» Na karanta, kuma ina ganin ya kamata kowa ya ji shi, Musulmi da Kirista.

Yana cikin Littafi Mai Tsarki, Sarakuna na Farko, sura 21. Nabot na da gonar inabi a Yezreyel, dab da fadar sarki Ahab. Sarki ya ce a sayar masa ko a yi musaya. Nabot ya ƙi, don gadon kakanninsa ce. Sai matar sarki, Yezebel, ta sa aka samo shaidun zur guda biyu, aka jefe Nabot har lahira, sarki ya shiga gona. Dokokin Allah nawa aka taka a nan? Ƙyashin abin maƙwabci, shaidar ƙarya, kisa, ƙwace. Duk a kan gona guda.

Annabi Iliya ya iske Ahab cikin gonar, ya faɗa masa hukuncin Allah a kan gidansa. Ahab ya yi nadama, aka ɗage masifar zuwa zamanin ɗansa. A Sarakuna na Biyu, sura 9, an kashe ɗan nasa Yoram, aka yar da gawarsa a filin Nabot ɗin nan.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. A koyarwar Kirista, saɓa wa umarnin Allah ba ya ƙarewa a kan mai saɓawar. Kubawar Shari'a, sura 27, ta la'anci mai kawar da iyakar maƙwabcinsa, Karin Magana 23 kuma ta ja kunne a kan gonar marayu.

Wani zai ce ai labarin da can ne. To mu tuna Toda, a nan jiharmu ta Maradi. A watan Oktoban 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum sama da 100. Yaran da suka mutu ranar ba su taɓa nome burtali ba, ba su taɓa sakin shanu a gonar kowa ba.

Na sani, ƙasa ta yi mana kaɗan. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonsa. Amma matsi bai halatta zalunci, kuma hanya na nan. Tun 1993 Nijar ke da dokar karkara, Code rural, da kwamitocin filaye da muke kira COFO, har a matakin ƙauye. In ka sayi gona, ko ka karɓi jingina ko aro, je wurin mai gari da shaidu, a rubuta takarda.

Masu gari da masu ba da shaida, ku ma da ku nake. Dattawan garin Nabot ne suka zartar da ƙaryar Yezebel, don tsoron fada. In an kira ka bakin iyaka bana, faɗi inda gambar take tun farko, ko da mai ƙarar ɗan uwanka ne.

Ku rubuto mana yadda ake ciki a garuruwanku. Allah ya ba mu damina mai albarka.