Muƙalar Mako: A Bari A Idar Da Asuba Kafin A Hau Dala



Tun da sanyi ya shigo hotunan fitowar rana daga kan Dala da Goron Dutse suka cika mana zaure, kuma mun ji daɗin haka. Abin da bai kwanta mana ba shi ne salon da ya biyo baya: a haɗu ƙarfe huɗu da rabi na dare, a hau cikin duhu, kuma wai kada a bi matakala, a zaga ta bayan dutse don ya fi armashi. Mu dai matsayarmu ita ce, hanyar da ƙafarka ba ta taɓa takawa da rana ba, kada ka fara ta da dare, ko da kuwa a gindin dutsen aka yanke maka cibiya.

Mu fara da lissafi. A watan Janairu rana ba ta fitowa a Kano sai wajen bakwai saura minti goma, a watan Yuni kuwa shida da 'yan mintoci. Alfijir yana ketowa fiye da awa guda kafin nan, kuma kimanin minti 20 kafin fitowar rana gari ya waye har mutum yana ganin inda zai sa ƙafa. Hawan Dala ta matakala kuwa, ko mai tumbi da ke tsayawa yana haki, da wuya ya ci minti 15. Mita 534 da ake rubutawa a matsayin tsayinsa daga saman teku aka auno, kuma birnin kansa ya cinye mafi yawanta. Ke nan wanda ya yi asuba a jam'i, ya yi azkar ɗinsa, zai isa sama rana ba ta leƙo ba. To duhun na mene ne?

Wasu sukan ce ai masu hawan Kilimanjaro da tsakar dare suke tashi. Gaskiya ne. Amma dutsen nan na Tanzaniya mita 5,895 ne, zangonsa na ƙarshe yana cin awa shida zuwa bakwai, ga saukowa tana jira, kuma doka ba ta barin kowa ya hau sai da ɗan jagora mai lasisi. Su larura ce ta sa su, mu kuwa kwalliya ce.

Sannan a dubi irin ƙasar. Dala ba falalen dutse ba ne irin na Rano ko Kufena ta Zariya. Marmara ce mai tama, ita ce ma ta jawo maƙeran farko suka zauna a gindinsa tun kafin zuwan Bagauda. Marmara tana marmashewa. Kowace damina ruwa yana sake yanka mata kwari, ya rarake ƙarƙashin gefen da daga sama za ka ɗauka lafiya lau yake. Wanda ya ce maka ya san hanyar tun yana makarantar allo, hanyar da ya sani ruwa ya daɗe da tafiya da ita. Kuma a tuna gidaje sun matso har jikin dutsen. Hoge ɗaya da ƙafarka ta turo a duhu, a kan kwanon wani zai sauka, ko a tsakar gidan da wata baiwar Allah ta fito alwala.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu shirya tafiyar suka fi mantawa da shi, wato mutanen unguwa. Ka ɗauki kanka a matsayin ɗan sintiri, a garin da ƙwacen waya ya hana kowa sakat, ka hango samari goma sha biyu da fitilu suna bin bayan katangar mutane ƙarfe huɗu da rabi. Me za ka ɗauka? Kafin ku gama bayanin motsa jiki kuka zo, gora ta riga ta yi magana. Sallama ga mai unguwa tun jiya da yamma ba ta cin ko sisi. Kuma idan an hau, a san inda ake juya kyamara, domin daga can sama cikin gidajen mutane a buɗe yake. Bature Heinrich Barth ya hau Dala a 1851 ya zana birnin, amma shi da fensir ya zo, ba da wayar da ke jawo fuskar matar wani daga nesa ba.

Ba mu ce babu inda sammako ya zama dole ba. Wanda zai hau duwatsun Riruwai ko na Rano a watan Afrilu, in bai tashi da wuri ba rana ce za ta kayar da shi. A nan sai a je tun jiya da la'asar a taka farkon hanyar da ido, a nemi ɗan gari, mafarauci ko makiyayi, a biya shi haƙƙinsa ya shige gaba. A sa takalmi sau-ciki, ba silifas ba, don kububuwa da kunama da dare suke fita. Fitilar waya ba fitila ba ce: tana cinye cajin da za ka nemi taimako da shi, ga hannu ɗaya ta riƙe. Ta goshi ta fi, sai dai haskenta yana fitowa daga kusa da ido, don haka yana ɓoye inuwar rami. In ka riƙe tocila ƙasa-ƙasa, wajen ƙugu, kowane tudu da kwari zai nuna kansa. Kuma ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, walƙiyar hoto ɗaya ta mayar da shi baya. A sanar da wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa, a kuma rage ƙarfi don saukowa, lokacin da gwiwa ta gaji kuma tsakuwa ke gudu a ƙarƙashin ƙafa.

Saboda haka fitar zaure ta ranar Asabar tana nan, amma mun matsar da ita. Kowa ya yi asuba a masallacin unguwarsu, mu haɗu a gindin matakalar Dala ƙarfe shida da kwata. Ta matakala za a hau, ta nan za a sauko. A taho da ruwa da rigar sanyi, da leda ta kwashe shara.