Baranda A Jirgi Ko Takalmi A Ƙafa?

Yau maganar tafiya za mu yi, kuma tafiyar ta ruwa ce, irin wadda mutum zai shiga ƙaton jirgi ya yi mako guda ana yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan, ya kwana a teku ya wayi gari a wata ƙasa. A da sai a finafinai muke ganin haka, amma yanzu abin ya matso kusa, domin tun shekarar 2021 irin waɗannan jirage suka fara tashi daga Jidda, kuma a cikin mutanenmu akwai waɗanda suke zuwa Dubai ko Turai su hau. To duk wanda ya yi niyya, akwai wata tambaya da za ta same shi tun kafin ya ɗaure kaya: shin ya ƙara kuɗi a ba shi ɗaki mafi daraja, ko ya riƙe kuɗinsa? Ra'ayina a taƙaice shi ne ya riƙe, ya sayi takalmi mai daɗin tafiya, in jirgi ya tsaya a gari ya sauka ya taka da ƙafarsa. Bari in kawo dalilaina.

Da farko mu san yadda ɗakunan suke. Kusan kowane babban jirgi ya kasa su gida huɗu. Akwai na can ciki wanda ba shi da taga ko ɗaya, shi ne mafi araha. Akwai mai taga wadda ba ta buɗuwa, sai dai ka leƙa ruwa ta gilashi. Akwai mai 'yar baranda da kujeru biyu. Sannan akwai na manya, mai falo da hidima ta musamman. In ka ajiye na manya a gefe, sauran ukun gado ɗaya ne, banɗaki kusan ɗaya ne, abincin da za a ci ɗaya ne, kuma lokaci guda za a isa gari. Bambancin kawai taga ce da baranda da ɗan ƙarin faɗi.

To ana saura 'yan makonni a tashi sai saƙo ya shigo maka ta intanet, cikin lafazi mai daɗi, wai an ba ka dama ka yi tayin ɗaki na gaba da naka. Kamfanin Royal Caribbean yana kiran wannan tsari RoyalUp, sauran kamfanoni ma kowa da sunan da ya raɗa wa nasa, kuma da yawansu wani kamfani ne na ƙasar Kanada mai suna Plusgrade yake gudanar musu da shi. Gwanjo ne na rufe, ba ka san abin da wani ya taya ba. Ga wani ɗan ma'auni a gefe da yake nuna maka wai tayinka ya yi rauni, don ka ji kunya ka ƙara. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, adadin da ka rubuta na mutum ɗaya ne, sai an ninka shi biyu. In an sallama maka, nan take za a cire kuɗin daga katinka, babu fasawa, kuma ba kai za ka zaɓi inda sabon ɗakin yake ba. Kana iya barin ɗakinka na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, inda girgizar igiyar ruwa ta fi sauƙi, a kai ka can goshin jirgi a sama inda jiri da tashin zuciya suka fi kama mutum, ko a ajiye ka ƙarƙashin zauren da ake kiɗa har tsakar dare.

Kada kuma ka ɗauka alheri aka yi maka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ɗakin jirgi kamar tumatir ne a hannun mai kayan gwari da yamma ta yi: da zarar jirgi ya bar gaɓa, ɗakin da babu kowa a ciki ya zama asara. Don haka gara a karɓi ɗan abin da ka taya, a matsar da kai gaba, sannan a sake sayar da ɗakinka mai araha ga wani. Ciniki biyu ke nan a kan kai ɗaya. Kuma duk tsarin jirgin an gina shi ne don kuɗinka ya ƙare a cikinsa. Kamfanin Carnival, wanda ya fi kowa yawan jirage a wannan harka, ya samu dala biliyan 21.6 a shekarar 2023, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan kuɗi ba daga tikiti ya fito ba, daga abin da fasinja ya kashe ne bayan tikitin: abin sha, kantuna, caca, hotuna, intanet da yawon rakiya da ake sayarwa. Ba laifi ba ne ɗan kasuwa ya nemi riba, amma shi ma mai saye ya kamata ya san wasan da ake yi da shi.

Yanzu mu ɗauki misali na zahiri. Akwai wani jirgi mai suna MSC World Europa, wanda aka mayar otal a Doha lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022. Tsawonsa mita 333, yana iya ɗaukar fasinja fiye da 6,700. A 2023 ya fara zagayen mako-mako a tekun Bahar Rum, yana tsayawa a garuruwan Italiya da Sifen da Faransa, da kuma Valletta, babban birnin tsibirin Malta. A irin wannan zagaye kusan kullum da safe jirgi yana tsaye a gari, sai da yamma ya tashi. Ke nan da rana kana waje, da dare ruwa baƙi ƙirin ne ba ka ganin komai. Yaushe za ka zauna a barandar da ka biya? In ma jirgi yana shiga tashar Valletta da sassafe, wadda tana cikin mafi kyawun mashigai a Bahar Rum, mai baranda gefe ɗaya kawai yake gani. Mai ɗakin ciki kuwa da ya hau can saman jirgi, inda kowa yake da izinin hawa kyauta, yana ganin ganuwar birni ta nan, yana ganin tsofaffin garuruwan tsallake ta can.

Jirgi ya tsaya. A nan ne ciniki na biyu yake jiranka, wato yawon rakiya. Za a ce ka biya a sa ka a bas da jagora mai ɗaga tuta, a zaga da ku awa uku ko huɗu, a tsaya a ce ku ɗauki hoto, a bi da ku wani kanti, a dawo da ku kafin abincin rana. Wani kaso na kuɗin na jirgi ne, kamasho. Alhali Valletta duk tsawonta bai fi kilomita ɗaya ba, faɗinta kuma bai kai haka ba, mazaunanta ba su kai 6,000 ba. Wato jirgin nan in ya cika ya fi birnin yawan jama'a. Daga inda kuka sauka, tafiyar 'yan mintoci ce a bakin ruwa ka isa wata lifta mai tsawon mita 58 da aka buɗe a 2012, ka biya 'yan canji ta ɗaga ka zuwa lambun Barrakka a saman ganuwa. Daga nan kana kallon jirginku a ƙasa, kuma in ka dace da ƙarfe 12 na rana za ka ga an harba igwa kamar yadda aka saba tun zamanin da matuƙa jirage suke saita agogonsu da ƙararta.

Birnin nan yaƙi ne ya haife shi. A 1565 rundunar Daular Usmaniyya, zamanin Sarki Sulaiman, ta kewaye tsibirin kusan wata huɗu ba ta ci shi ba. Da suka janye, shugaban mayaƙan da ke riƙe da tsibirin, Jean de Valette, ya aza harsashin sabon birni a 1566, aka sa masa sunansa. An yanka titunansa a miƙe suna gitta juna, ta yadda in ka tsaya a tsakiya za ka hango ruwa a ƙarshen layi, iska kuma tana ratsawa. Wasu layukan matakala ne zalla, babu motar da za ta bi, balle bas. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1980. Ga shi kuma gidajensa cike suke da barandar katako rufaffiya mai fenti kore ko shuɗi ko ja, wadda duk wanda ya taɓa shiga tsohon garin Jidda zai ce ya san 'yar uwarta. In baranda kake so, ga su nan layi-layi, kallonsu kyauta ne.

Amma babban abin da mai tafiya a ƙafa zai samu, wanda na cikin bas ba zai samu ba, a kunne yake. Larabawa sun mulki Malta daga shekarar 870 zuwa 1091, kuma harshen mutanen tsibirin daga Larabci ya tsiro, duk da cewa da baƙaƙen boko suke rubuta shi kamar yadda muke yi. Ka tsaya a ƙofar wani kanti ka karanta ranakun da yake buɗewa: It-Tnejn, It-Tlieta, L-Erbgħa, Il-Ħamis, Il-Ġimgħa, Is-Sibt, Il-Ħadd. Sake karantawa a hankali: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Ka saurari mai kanti yana lissafi, za ka ji tletin, ħamsin, sittin. Mutanen Kiristoci ne, amma sunan Ubangiji a bakinsu Alla ne, azuminsu na kwana arba'in kuma Randan suke ce masa. Bahaushe ya ƙetare hamada da teku ya je Turai ya tarar da kalmomin da kakarsa take ƙirga kwanaki da su a bakin wata tsohuwa mai sayar da burodi. Rijiya ɗaya muka sha, mu ta kudu su ta arewa. Babu jagoran da zai nuna maka wannan, domin bai san kana da shi ba. Zuwa da kai ya fi aike.

Akwai kuma haƙƙin masu gari. Wasu masana a ƙasar Norwe sun wallafa bincike a 2013 da ya nuna cewa a cikin baƙi masu yawon buɗe ido, fasinjan jirgin ruwa ne ya fi kowa ƙarancin kashe kuɗi a gari, don ya sauko da cikinsa cike kuma zai koma ya ci a jirgi. Mutanen gari su ne da cunkoso da hayaƙi, riba kuma ta bi jirgi ta tafi. Shi ya sa garuruwa suka fara tawaye. Daga 1 ga Agusta 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venice. Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya ta taƙaita yawan jiragen da za su tsaya mata a rana. Majalisar birnin Amsterdam ta kaɗa ƙuri'a a 2023 cewa a fitar da tashar daga tsakiyar gari. To wanda ya sauka da ƙafarsa ya sha shayi a wani lungu, ya sayi pastizzi, wani ɗan gashin fulawa mai cuku ko wake da aka san Malta da shi, ya biya mai kwalekwale ya tsallaka da shi Birgu, shi ne baƙon da ya san ya zo gidan mutane. Kuɗin barandar dare bakwai in aka rarraba shi haka a gari biyar, ya shiga hannu da yawa.

Na san akwai masu cewa ba haka ba, kuma wasunsu suna da gaskiya. Uwargida da take son ta sha iskar teku ba tare da ta yafa mayafi ta shiga cikin taron jama'a ba, baranda tana da amfani gare ta ƙwarai. Dattijon da gwiwa ta hana shi hawa matakala, ko mai jego, ko wanda ɗaki marar taga yake sa shi ƙuncin zuciya, su biya da hujjarsu. Haka nan in tafiyar ta kallon duwatsu da ƙanƙara ce, kamar ta gaɓar Norwe ko Alaska, inda abin kallon daga cikin jirgi ake ganinsa. Amma ko su, gara su zaɓi ɗakin da lambarsa tun ranar sayen tikiti da su jira gwanjon da ba su san inda zai jefa su ba. Sannan ba kowace tasha ce ake takawa ba. Jirgin da aka ce zai tsaya a Roma, a gaskiya Civitavecchia yake tsayawa, kimanin kilomita 80 daga birnin, sai an hau jirgin ƙasa ko mota. Don haka a duba taswira tun daga gida.

Hujja mafi ƙarfi da masu sayar da yawon rakiya suke da ita ita ce tsoro: in bas ɗinsu ta makara jirgi zai jira, in kai kaɗai ka makara zai tafi ya bar ka. Wannan gaskiya ne, kuma ga mai fasfo irin namu, da sai da ya sha wuya kafin ya samu bizar Shengen, a bar shi a gaɓa ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Amma maganinsa ba shi da tsada. Yawanci ana so kowa ya koma ciki da saura rabin awa a tashi, to kai ka ba kanka awa ɗaya da rabi. Ka saita agogonka da na jirgi, domin wani lokaci ya kan saɓa da na gari. Ka ɗauki takardar shirin ranar da ake ajiye maka a ɗaki, a jikinta akwai lambar wakilin jirgi a tashar. Ka fara da wuri mafi nisa, ka riƙa dawowa kusa yayin da rana take yin ƙasa. In ka rikice ka tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Mun daɗe muna auna tafiya da irin ɗakin da aka kwana, har in mutum ya dawo labarinsa bai wuce gado da labule da yawan abinci ba. Amma irin wannan ɗakin akwai shi a otal a Abuja, ba sai an nemi biza ba. Abin da babu a Abuja shi ne layin matakala mai gangarawa zuwa teku, da tsohuwar da za ta ce maka ħamsin ka gane ba tare da tafinta ba. Magabata da suka ce tafiya mabuɗin ilimi, da ƙafa suka yi tasu.

Allah ya ba mu ikon zuwa, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.