Wasiƙa zuwa ga ungozomomin Ƙonni, Malbaza da Illela

 

Maganar bakwaini ce ta kawo ni, da ta jaririn da ke cika wata tara amma in an ɗora shi bisa sikeli bai kai kilo 2 da rabi ba. A al'adarmu ba a aiko muku sai ɗa ya faɗo: ku yanke cibi, ku binne mabiyiya, ku ɗora ruwan wanka. Lokacin nan kuwa aikin gama ya gama. Ƙwarin jariri tun ciki yana wata uku ko huɗu ake gina shi, sa'ad da ba wanda ya san da cikin sai mai shi, sai kuma ku.

Ku ba a iya ɓoye muku. Mai cikin fari za ta ɗaure zane tamau, ta yi daka, ta je rijiya, kunya ta hana ta faɗa wa ko uwar da ta haife ta. Amma da kun ga tana yawan tofar da yawu, tana kawar da kai daga warin daddawa, kun gane. Na san wata yarinya a wani ƙauye wajen Tsarnawa wadda haka ta ɓoye nata har damina ta yi nisa. Masassara ta kwantar da ita, tafin hannunta ya yi fari fat, ta haihu a wata bakwai. Ungozomar unguwar ta ce da ni ai ita tun kafin shuka ta gane. To, Inna, me ya hana ki magana?

Ƙwayar cutar cizon sauro tana taruwa a mabiyiyar nan da kuke binnewa, ta tauye abincin da ɗa ke samu. A bakin gonakin noman rani na Ƙonni da garaken albasar Galmi, sauro ba ya jiran ruwan sama. Fansida, ƙwayar maganin da ke kare mai ciki daga wannan cuta, wadda ake haɗiya gaban ma'aikacin likita, ana fara ta ne in ciki ya shiga wata na huɗu, a riƙa maimaitawa wata wata, aƙalla sau 3. Wadda ta fara awo a wata bakwai ta yi asarar rabin kariyar. Tun 2006 awon ciki kyauta ne a Nijar. Na sani, akan je a tarar magani ya ƙare. Duk da haka a je, a auna jini, a koma.

Za ku ji mata na cewa ƙwayar ƙarin jini tana sa ɗa ya yi ƙato, haihuwa ta yi wuya. Ku ƙaryata wannan da bakinku, don naku ake ji. Macen da ba ta da jini ita ce naƙuda ke kayarwa.

Maza da yawa suna cin rani a Abijan ko Libiya, saboda haka izinin fita yana hannun uwar miji. Ita za ku fara samu, tsararku ce. Ku ce ta rage wa surukarta turmi da tulu, ta ƙara mata wake da zogale, ta ga ta kwana cikin gidan sauro.

In kuma bakwainin ya zo, ku dakata da wanka. A goge shi, a sa masa hula, a ɗaure shi a ƙirjin uwa fata da fata, dabarar da likitocin Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara a 1978. A ba shi dakashi. In ya kasa kama nono ko jikinsa ya yi sanyi, a nufi likita nan take.

Iyayena, wadda kuka gani yau tana tofar da yawu, ku ja ta gefe ku yi mata magana a asirce, ranar awo kuma ku raka ta da ƙafarku.

Wassalam.