Jaririn da ke tashi cikin dare ba maganin barci yake nema ba

A makon jiya, bayan sallar isha'i, na tsaya a wani kemis da ke unguwarmu zan sayi maganin hawan jinin mahaifiyata. A gabana akwai wata matashiya da goyo a bayanta, ba za ta haura shekara ashirin da biyu ba, idanunta sun yi jajir sun faɗa. Ta rage murya ta ce wa mai kemis, "Malam, don Allah a ba ni na barcin yara, irin wanda ka ba maƙwabciyata." Har ya juya zai ɗauko, na dafa kafaɗarta na ce, "Ƙanwata, watansa nawa?" Ta ce, "Tara, Anti. Wallahi rabona da barcin awa uku a jere har na manta. Babansa ya ce in san yadda zan yi da shi, shi da sassafe yake fita kasuwa."

Muka fito waje, muka tsaya kusan rabin awa. Abin da na faɗa mata a tsaye shi nake son in faɗa a zaune yau, domin na san irinta suna da yawa, kuma ni ma na taɓa zama ita. Na goyi huɗu, kuma na biyun sai da ya shekara ɗaya da rabi kafin na san daɗin barci daga isha'i zuwa asuba.

Abin da ya fi cin ran uwa a wannan hali, bayan gajiyar, shi ne zaton cewa nata ɗan ne kaɗai. Kowace maƙwabciya sai ta ce mata, "Ni nawa tun yana wata uku sai dai in tashe shi." Suruka ta ce nonon ne ba ya isarsa. Wata ta ce baki ne, a nemo tofi. To ga abin da aka auna. A shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin Marie-Hélène Pennestri, sun fitar da sakamakon bin diddigin jarirai 388. A wata shida, kashi 38 cikin ɗari ba sa yin awa shida a jere ba tare da sun farka ba, kashi 57 kuma ba sa yin awa takwas. Da suka cika shekara guda, har yanzu kashi 28 ba sa kai awa shida, kashi 43 ba sa kai takwas. Ba su ga wani bambanci ba wajen kaifin ƙwaƙwalwa ko ƙwarin jiki tsakanin masu farkawa da masu zarcewa, sai dai sun lura masu farkawar sun fi yawa cikin waɗanda ake shayarwa. Wannan a Kanada ke nan, inda ba a ɗauke wuta, sauro kuma ba ya kukan kunne duk dare.

Dalilin farkawar ba ɓoyayye ba ne. Barci hawa-hawa yake zuwa, mai nauyi ya biyo mai sauƙi, a sake zagayowa. Babban mutum yakan kammala zagaye ɗaya cikin kusan minti casa'in, jariri kuwa cikin kusan minti hamsin zuwa awa guda. A ƙarshen kowane zagaye kowa yakan ɗan farka. Mu manya sai mu gyara kwanciya mu koma, da safe ba ma ko tunawa. Jariri yana farkawa sai ya laluba abin da barci ya ɗauke shi a kai. In nono ne a bakinsa, nono zai nema. In jijjiga ce, ita zai jira. Ga shi kuma tsakanin wata takwas da goma ne ƙiwa take kama yaro, ya fara gane cewa uwarsa tana iya tashi ta bar shi. A lokacin ne yake koyon rarrafe da miƙewa, haƙora suna tsagowa. Wanda da yake barci lafiya ma yakan rikice a wannan tsakanin.

Saboda haka nake jin zafin abin da na gani a kemis ɗin nan. Abin da ake kira "na barcin yara" yawanci maganin mura ne ko na ƙaiƙayi mai sa maye. Promethazine, wanda aka fi sani da Phenergan, an hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba, domin yana iya danne numfashinsa har ya tsaya. Piriton na ruwa ba a ba ɗan ƙasa da shekara guda. Na tari mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi tun watan Mayun 2018, amma har gobe ana samun wanda zai ɗiga wa yaro. Yaron da aka ɗura wa irin wannan ba barcin hutu yake yi ba, sumar da shi aka yi, kuma in zazzaɓi ya taso masa cikin dare ba shi da ƙarfin kukan da zai tashi uwarsa. Kada mu manta da My Pikin, maganin haƙorin da ya gurɓata da guba ya kashe yara 84 a ƙasar nan daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009. Iyayen yaran nan ba mugunta suka yi ba, so suke ɗansu ya daina kuka ya samu barci. Jiƙe-jiƙen da ba a san adadin abin da ke cikinsu ba su ma haɗari ne. Ko zuma, da duk albarkarta, likitoci sun hana a ba yaron da bai cika shekara ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, na matanmu masu waya a hannu, waɗanda suka karanta cewa a kwantar da yaro a ɗakinsa, a rufe ƙofa, a bar shi ya yi kuka ana leƙa shi bayan 'yan mintuna, ana ƙara tsawon jiran kowane dare. Wannan dabara ta shahara ne ta hannun Richard Ferber, likitan yara a asibitin yara na Boston a Amurka, wanda ya fitar da littafinsa a 1985. Zan yi mata adalci. An gwada irinta a birnin Melbourne na Ostireliya, aka bi yaran har suka kai shekara shida, a 2012 aka bayyana cewa ba a ga ta cutar da su ba, ba a kuma ga sun fi sauran yara da komai ba a ƙarshe. Amma an tsara ta ne don gidan da jariri ke da ɗaki nasa. Matar da ke ɗaki ɗaya a gidan haya, da miji da yara uku a kan katifa da tabarma, in ta bar jariri ya yi kukan minti goma da ƙarfe biyun dare, kafin ya yi shiru an buga mata ƙofa, da safe kuma labarinta ya gama gidan. Mu tun kakanni da ɗanmu muke kwana, kuma ko a Amurkan akwai masana irin su James McKenna na Jami'ar Notre Dame da suka shafe shekaru suna nuna cewa kwanan uwa kusa da jaririn da take shayarwa shi ne abin da jikin ɗan Adam ya saba da shi. Abu ɗaya ne nake ganin ya kamata mu ara daga Ferber: yadda yaro ya shiga barcin farkon dare, haka zai nemi a mayar da shi duk sanda ya farka.

Kafin a kai ga nan ma, a fara duba jikin yaron da ɗakin da yake kwana. A bazara, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura maki arba'in, ɗakin kwano yakan riƙe zafi har tsakar dare. Yaro ya jiƙe da gumi, ƙurajen zafi sun feso masa a wuya, an kuma naɗe shi da hula da safa don tsoron sanyi. Wane barci zai yi? A rage masa kaya, a yi masa wanka da yamma, in ya wuce wata shida a ba shi ruwan sha mai tsabta. Da damina sauro ne, kuma maganinsa gidan sauro mai magani, a soke gefunansa ƙarƙashin katifa. Maganin sauro na hayaƙi a rufaffen ɗaki yana shaƙe ƙirjin yaro. Da hunturu hanci ne ke toshewa, sai a ga ana shigo da kaskon garwashi a rufe ƙofa, abin da ya sha kashe iyali guda a dare ɗaya, shi da hayaƙin janareta. A kwantar da yaro rigingine, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi ko bargo mai nauyi kusa da fuskarsa, kada kuma barci ya ɗauke uwa da shi a kan kujera. In jikinsa da zafi, ko yana jan kunne yana tsala ihu, ko yana sosa jiki har ya ji ciwo, ko yana munshari da numfashi sama-sama, ko ya daina ƙara nauyi, wannan ya wuce shawarar jarida, a kai shi asibiti.

Sai ciki. Ɗan wata tara da ya wuni a kan koko tsararo, ruwa-ruwa, dole ya rama da nono cikin dare. Kunu ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauƙi ba, a sa masa garin gyaɗa ko waken soya, a ɗiga mai. A ba shi ƙwai, wake da aka dama, dankali, ɗan kifi ko hanta in an samu, sau uku ko huɗu a wuni, ga nono a kai a kai. Wannan ba abincin masu kuɗi ba ne, yawancinsa yana cikin tukunyar gidan.

Abin da mata da yawa ba sa lissafawa shi ne barcin rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga wata huɗu zuwa sha ɗaya yaro na bukatar barcin awa 12 zuwa 16 a kwana guda, har da na rana. Ɗanmu yana goye ana daka, ana wanki, ana talla, dumin baya da motsin jiki suna ta sa shi barci. In ya kwashi awa biyar a baya, ya ƙara da wani dogo bayan la'asar, to ya ci rabon dare. Barci biyu da rana sun ishi mai wata tara, ɗaya da hantsi ɗaya bayan azahar. Daga la'asar a sauke shi, a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ya yi rarrafe ya ga haske.

Mu da Allah ya ba lokutan salla ba ma bukatar agogon bango don tsara masa dare. Kafin magariba wanka da shafa mai, bayan magariba abinci, sannan nono, a yi masa addu'a a shafa, a rage haske, a kashe talabijin, a ajiye waya. Kullum haka, a jere ɗaya, har jikinsa ya haddace. Wajen nonon ƙarshe ne aikin yake: idan idonsa ya fara lumshewa, a zare nonon a hankali kafin barci ya yi nauyi, a kwantar da shi, a ɗora masa hannu a ƙirji ana ɗan bubbugawa. Zai yi ƙorafi. In kukan ya yi ƙarfi a ɗauke shi a rarrasa, a sake gwadawa. Cikin dare kuma ba kowane motsi ne yunwa ba. A ɗan dakata a ji ko zai koma da kansa, in bai koma ba a fara da shafa baya kafin a kai ga nono. Wanda ke sha sau shida, a rage ɗaya, bayan kwana uku ko huɗu a sake rage ɗaya. Aikin makonni ne, kuma in ciwo ko tafiya ta gitta sai an koma baya a sake ɗorawa. Ba na ce a yaye shi ba. Alkur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, Hukumar Lafiya ta Duniya ma shekara biyu ta ce ko fiye. Yaron da bai kai wata shida ba, ko maras nauyi, ko mai jinya, a bar shi ya sha duk sanda ya nema.

Duk wannan kuwa mace ɗaya da ta yi wata tara ba barci ba za ta iya shi ita kaɗai ba, kuma a nan nake son maza su saurare ni. Maganar da mijin yarinyar nan ya yi, cewa ta san yadda za ta yi da shi, ita ce ta turo ta kemis. Na san wahalar nema, na san mai fita tun duku-duku yana bukatar hutu. Amma ita ma da asubar take tashi, ta hura wuta, ta shirya 'yan makaranta, ba ta da ranar hutu. Rashin barci mai tsawo yana jefa mai shayarwa cikin ƙunci da yawan kuka da saurin fushi, wani lokaci har ya zama ciwon damuwa na gaske. Akwai kuma wani sirri da duk wadda ta yi reno ta sani: yaro yana jin ƙanshin nono a jikin uwarsa, shi ya sa ya fi saurin haƙura a kafaɗar wanda ba shi da shi. Uba ya karɓi tashi ɗaya kawai cikin dare, ya saɓa shi a kafaɗa ya zaga ɗaki, ko ya ɗauke shi bayan ya dawo daga masallacin asuba ya bar uwar ta yi awa biyu. A gidan da ake rabon kwana, ranar da ba girkinta ba ita kaɗai take da yaron har gari ya waye, sai a duba wa zai kama mata, kaka ce, ko ƙanwar miji, ko babbar 'ya.

Na ba yarinyar lambata kafin mu rabu. Shekaranjiya ta kira. Ta kaurara kunun, ta cire masa hular kwana, ta daina barinsa ya yi barci bayan la'asar. Sau uku yake tashi yanzu, da kuwa ta ce ba ta iya ƙirgawa. Ƙanwar mijinta tana zuwa ta ɗauke shi bayan asuba, ita kuma ta koma ta kwanta har ƙarfe takwas. Zancen babansa kuwa, ta ce ita ba za ta iya tunkararsa ba, amma yayanta ya yi alkawarin zai same shi a kasuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.