Sa'o'in Na'urar Kwaikwayo a Littafin Matuƙin Jirgi

Ranar 15 ga Mayu, 2024, jirgin farko na maniyyatan Nijeriya na wannan shekara ya tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Ɗaruruwan mutanen da ke ciki, waɗansunsu ba su taɓa hawa jirgi ba, sun damƙa amanar rayukansu ga matuƙan da ba su ko ga fuskokinsu ba. Abin da ke kai matuƙi wannan kujera shi ne lasisi, tushen lasisin kuwa wani littafi ne da yake cikewa da hannunsa tun ranar da ya fara koyo. A ciki yake rubuta kwanan wata, da irin jirgin, da inda ya tashi da inda ya sauka, da adadin sa'o'in dare da na rana. Wannan littafi ne ake buɗewa a gabansa ranar ganawar neman aiki.

Akwai wani layi a littafin da ke yawan jawo gardama, wato layin na'urar kwaikwayon tuƙi. Na'urar ɗaki ce da aka ƙera daidai da mazaunin matuƙa, tana karkata tana girgiza, alhali ba ta rabu da ƙasa ba. Saboda haka sa'o'inta ba sa'o'in tashi ba ne, gurbinsu daban ne. Ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta nemi sa'o'i 1,500 ga mai neman babban lasisin jan jirgin fasinja, ta kuma yarda a lissafa masa abin da bai wuce sa'o'i 100 ba daga na'ura, cikinsu 25 kaɗai za su iya fitowa daga ƙaramar na'urar koyon ƙa'idojin tuƙi. Wannan rangwame na neman lasisi ne, bai mayar da zaman ɗaki tashi sama ba.

Ba wuya a fahimci abin da ke jan matashi ga haɗe lissafin biyu. Ya fito daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da sa'o'in da ba su fi ɗari biyu da 'yan kai ba, iyayensa sun zuba dukiya, kamfanoni kuma suna neman wanda ya fi haka. Sai dai haɗewar ha'inci ce, kuma ha'inci ne mai saurin tonuwa, domin kowane tashi yana da shaida a takardun jirgin da aka tuƙa. Bayan haɗarin jirgin da ya auku a Yichun ta ƙasar Sin a watan Agustan 2010, an bayyana cewa fiye da matuƙa 200 sun yi ƙari a tarihin tuƙinsu.

Amma kuskuren da ya fi wannan haɗari yana wajen masu ɗaukar aiki ne. Da yawa jimilla suke kallo, su tsallake layin na'ura kamar ba a rubuta kome ba, alhali a nan ne kaɗai ake iya ganin ko matuƙi ya taɓa fuskantar abin da ke kashe mutane. Sa'a dubu ta tashi cikin lafiyayyen yanayi ba ta koya wa kowa yadda ake yi idan inji ya mutu ana tsakiyar ɗagawa. Ba a kuma gwada irin wannan da fasinja a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutanen ƙasar Sakkwato da Kabi sun san farashin wannan. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja zuwa Sakkwato, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Jirgin ya shiga iskar nan da ke sauya ƙarfi da alƙibla farat ɗaya. Cikin dalilan da masu bincike suka lissafa akwai kasawar matuƙan wajen bin matakan kuɓuta daga irin wannan iska, da kuma amfani da na'urar da ba ta dace ba lokacin da ake sabunta musu horo a kanta. Ke nan ana iya samun sa'o'in na'ura rubuce a littafi, cikakku, ba tare da ƙarya ko ɗaya ba, amma su kasance ba su amfana kome ba.

Don haka rubuta "sa'o'i huɗu" a wannan layi bai wadatar ba. Ya kamata a ga irin na'urar da lambar shaidarta, da matakinta, tunda manyan na'urori hawa huɗu ne daga A zuwa D, da irin jirgin da take kwaikwayo, da darasin da aka yi, da sa hannun malamin da ya sa ido. Mai yi wa matuƙin da zai riƙa sauka Ambursa tambayoyi yana da hujjar neman sanin sau nawa ya gwada sauka cikin hazon hunturu da ke rufe fadamar Rima, da sau nawa ya fasa sauka saboda hadarin damina.

Masu cewa na'ura ba ta koyar da tsoro suna da gaskiyarsu, domin wanda ya san ba zai mutu ba dabam yake da wanda ƙasa ke tasowa gare shi. Wannan hujja ce ta raba lissafin biyu, ba ta raina ɗaya ba. Yanzu da kwalejin Zariya ta mallaki na'urar Boeing 737, hukumar NCAA tana da damar tantance bayanan horon a gida, ta nemi kamfanoni su gwama abin da matuƙi ya rubuta da rijistar cibiyar da ta horar da shi kafin su ba shi aiki.