Fagen Fasaha: Harin da ba ya buƙatar kalmar sirrinka

Da yawanmu mun ɗauka kalmar sirri mai ƙarfi ta isa kariya. To akwai harin da masana ke kira CSRF, wanda ɓarawo ba ya buƙatar saninta ko kaɗan.

Idan muka shiga shafin banki ko na makaranta, shafin yakan ajiye wa burauzarmu ɗan bayani da ake kira kuki, shaidar cewa mun riga mun shiga. Sau da yawa, idan burauzar za ta aika wa shafin buƙata, takan haɗa da kukin da kanta. Idan muka buɗe shafin wani mugu alhali ba mu fita daga na bankin ba, zai iya ɓoye fom da zai sa burauzarmu ta aika umarnin tura kuɗi. Banki ya ga kukinmu, sai ya ɗauka mu ne.

A 2008, William Zeller da Edward Felten na Jami'ar Princeton a Amurka sun gano irin wannan ɓaraka a shafin bankin ING Direct, inda za a iya kwashe kuɗin mutum, da kuma a YouTube.

Babban maganin shi ne lambar shaida, wato tokin. Kafin shafi ya nuna mana fom, sabarsa takan ƙirƙiro wata doguwar lamba da ba a iya hasashenta, ta saka ta a ɓoye cikin fom ɗin. Da mun danna aikawa, sai ta duba: lambar ta dawo daidai? In babu ita, ko ta bambanta, sai ta ƙi umarnin. Mugun zai iya sa a aika buƙata, amma burauza ba ta barin shafinsa ya karanta abin da ke shafin banki, don haka ba zai samu lambar ba.

Ga masu koyon gina shafi, Django da Laravel sun zo da wannan kariya a shirye. Kada mu kashe ta don kawai fom ya ƙi tafiya. Mu duba ko mun manta saka lambar ne. Sauranmu kuwa, mu riƙa fita daga asusunmu da zarar mun gama, musamman a kwamfutar da ake amfani da ita tare. Sai mako mai zuwa.