Tafiyar Ƙasa a Tuddan Ingila da Matsayin Jagora

A wajen Bahaushe tafiyar ƙasa aikin wanda ya rasa abin hawa ne, ko kuwa na falke da almajiri. A Ingila kuwa akwai ƙungiyoyi da ke fita musamman domin su taka sayyadarsu a kan tuddai marasa itatuwa da tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa, da jagora a gaba. Mai kallo daga nesa zai ɗauka wasan masu ƙoshi ne. Tarihin abin bai nuna haka ba.

Ran 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan mutane, galibinsu ma'aikata daga Manchesta da kewaye, suka haura tudun Kinder Scout bisa jagorancin wani saurayi, Benny Rothman. A zamanin nan masu ƙasa sun keɓe tuddan domin harbin wani tsuntsu dangin fakara, talaka ba shi da ikon sa ƙafa. Aka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure mutum 5, mafi tsawon ɗauri wata 6. Ɗaurin nan ya ƙara wa maganar ƙarfi. A 1949 aka yi dokar gandayen shaƙatawa na ƙasa, yankin Peak District ya zama na farko a 1951, amma cikakken izinin ratsa irin waɗannan tuddai bai samu ba sai da dokar shekarar 2000.

Su kuwa hanyoyin jirgi, asara ce ta zama riba. Rahoton Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe kimanin mil 5,000 na layin dogo da tashoshi fiye da 2,000. Bayan an kwashe ƙarafa, hukumar Peak District ta sayi waɗansu layuka ta mayar da su turbar jama'a. Alal misali, an buɗe turbar Tissington mai mil 13 a 1971, ta Monsal kuma a 1981. Da yake jirgi ba ya son hawa mai tsanani, turbobin a shimfiɗe suke, tsoho da yaro da mai keken guragu duk suna iya bi.

To, ina amfanin jagora? Akwai masu ganin cewa tafiya cikin ayari tana kashe daɗin kaɗaici, kuma taswira ta isa. A kan tsohon layin dogo suna da ɗan gaskiya, domin kuwa ba mai ɓata a can. A kan tudu maganarsu ba ta tsayuwa. Hazo kan rufe wuri cikin ɗan lokaci, ƙasar baƙa ce mai laushi da ke haɗiye ƙafa, ga sanyi mai kisa. A watan Maris na 1964 samari 3 'yan sikawut suka rasu a gasar tafiya ta Four Inns saboda sanyi da ruwa, abin da ya sa aka tsara ƙungiyoyin ceto na yankin. Bugu da ƙari, ko a inda babu haɗari, jagora ne ke sa dutse ya yi magana. In ba shi, gadar Headstone tarin duwatsu ce kurum. Shi zai faɗi wanda ya gina ta, da abin da jirgi ke ɗaukowa, da dalilin rufe layin a 1968.

Suka mai nauyi ita ce ta zaizayar ƙasa. Yawan sawu ya raunata sassa na turbar Pennine, mai mil 268, wadda aka buɗe a 1965, har sai da aka shimfiɗa falalen duwatsu a kanta. Amma wannan ma hujja ce ga jagora, don shi ke hana ayari fanɗarewa daga turba.

Nijeriya ta Arewa tana da nata tsohon layin. Ƙaramin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama zuwa Jos, wanda aka kammala a 1914 domin jigilar kuza, an rufe shi a 1957. Waɗanda suka shiga jirgin suna yara yanzu sun haura shekara 70. Ya kamata sassan Hausa da na Tarihi su shirya ɗalibai su bi sawun layin nan zango-zango, inda tsaro ya ba da hali, dattawan garuruwan da ya ratsa su zama jagorori, a naɗi bayaninsu na sunayen tashoshi da labaran leburorin kuza.